Wa'adin Mako Biyu da Aka Ba Sista Kezia

Kezia mutuniyar Zonkwa ce, aiki ya kawo ta Dutsin-Ma. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, kuma a unguwarsu kowa Sista yake ce mata. Shekara goma sha ɗaya tana haya a gidan Alhaji Audi, wani ɗan Kurfi mai fataucin hatsi. A gidan mijinta ya rasu, daga nan kuma 'yarta Anita ta shiga jami'a. Mutane na cewa ba ta yarda da kowa. Ita kuwa takan ce aiki ne ya koya mata, don ta sha ganin mace tana cewa lafiya lau alhali idonta ya yi fari fat.

Wata rana ta dawo daga aiki ta tarar da mutum biyu suna auna katangar gidan. Suka ce fenti za a yi. Ta duba, ba ta ga ko bokiti ba. Bayan kwana uku maƙwabciyarta Murja ta gaya mata ta ga wani yana ɗaukar hoton ƙofar da waya. Ana haka sai ga Almu, dillalin da ke kula da gidajen Alhaji. Ya gaishe ta har da rusunawa, abin da bai taɓa yi ba, nan take ta san da magana.

"Sista, an sayar da gidan nan. Mai shi yana son makulli nan da mako biyu."

"Ina takarda, Malam Almu?"

Ya ce ai tsakanin mutanen arziki ba a buƙatar takarda. Ta tambayi sunan wanda ya saya, ya ce wani bawan Allah ne. Ta ce ya gaida bawan Allah, ta rufe ƙofarta.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ta tare Barista Francis, ta kwashe labari ta gaya masa. Ya ce sayar da gida ba ya kashe haya, wanda ya saya ya saya ne da mai hayar a ciki. Mai hayar shekara irinta sai an ba ta sanarwa a rubuce, yawanci wata shida, kuma ba mai ikon fitar mata da kaya ko cire rufi in ba kotu ba. Ta sa ya maimaita, ta rubuta a bayan takardar waƙoƙi. Ko shi ɗin ba ta saki jiki da shi ba sai da ta sake tambayar wani.

Ranar hutunta ta hau mota zuwa Kurfi ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta iske Alhaji Audi a rumfarsa ana ɗinke buhunan gero. Ya yi mata maraba, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi Anita. Da ta kawo zancen, sai ya ce lallai ya sa gidan a kasuwa, amma ba a gama ciniki ba, kuma shi bai ce a tashe ta ba. Duk maganar nan buhu yake kallo, bai dube ta ba.

"To Alhaji, a ba ni lambar mai sayen."

Ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya karanto mata.

Mai sayen, Malam Abdullatif, ma'aikaci ne a jami'a. Da ta kira shi ya ji ko wace ce, sai ya ce shi an gaya masa gidan ba kowa, mai hayar ta riga ta koma garinsu. Da ta tambayi wanda ya faɗa masa haka, sai ya ce ya manta ko Almu ne ko Alhajin.

Suka haɗu su huɗu a falonta, ita da Alhaji da Almu da mai sayen, Murja na zaune a gefe a matsayin shaida. Almu ya rantse saƙo kawai ya isar. Alhaji ya ce ba a fahimce shi ba ne. Kezia ba ta yi musu da kowa ba, ta dai ƙi tashi sai da aka rubuta cewa za ta zauna har hayarta ta ƙare, da ƙarin wata shida, kowa ya sa hannu.

Malam Abdullatif ya sayi gidan. Daga baya ma ya ce in tana so ta ci gaba da zama, shi ba ya sauri. Ta yi godiya sosai, amma a makon ta fara neman wani wuri. Da wa'adi ya cika ta koma wani gida kusa da asibiti, ta miƙa masa makulli hannu da hannu a gaban Murja.

Har yau ba ta san wanda ya yi ƙaryar ba tsakanin Alhaji da dillalinsa. Matar Almu ta zo haihuwa bara, Kezia ce ta karɓi yaron, suka rabu lafiya.