Tafin Hannun Verlin Stamper

A aljihun rigar aikin Verlin Stamper akwai wani ɗan mayen ƙarfe da ya naɗe da tsumma, bai fi girman goro ba. Wanda ya taɓa zama kusa da shi a coci ya san da shi, don ko ranar Lahadi yana nan a aljihun kwat. Matarsa Odessa ta gaji da mita. Ta ce ranar aurensu ma yana jikinsa, kuma ba za ta rantse cewa bai gwada shi a motar amarya ba.

Kullum da sanyin safiya Verlin yakan tsallako titi daga gidansa, ya ɗage ƙofar gareji. Ba ya fara kunna fitila. Sai ya shimfiɗa tsumma a tafin hannu, ya bi jikin motar da ke ciki tun daga hanci har wutsiya, fuskarsa na kallon bango. Idan ya gama ya kunna wuta, ya ɗora kofi, ya ɗauki guduma. Haka yake tun kafin a haifi yawancinmu a wannan ɗan gari na gabashin Kentucky.

Aikinsa jikin mota ne: tsofaffin motocin nan masu ƙaton inji, Mustang da Chevelle da Charger, waɗanda iyayenmu suka yi samartaka a cikinsu. Yana yanke tsatsa, ya ƙera sabon ƙarfe, ya yi walda, ya daddale da guduma da dalma. Inji ba nasa ba ne, na maƙwabcinsa Dub Sizemore ne. Don haka idan mota ta yi gurnani a titi, Dub ake yabo. Idan ta yi ƙyalli, mai fenti ake tambaya. Aikin Verlin yana ƙarƙashi, inda ba mai leƙawa.

Amma duk wanda zai je sayen tsohuwar mota a gundumar nan sai ya biyo ta kansa. Verlin yakan ajiye aikinsa ya raka mutum, ya zagaya motar yana ɗora ɗan mayensa a jikinta. Inda ƙarfe ne sai ya manne. Inda aka cike rami da ƙullun gyaran mota aka rufe da fenti, sai ya sulale ƙasa. Limamin cocinmu shaida ne. Ya riga ya mutu a kan wata jar Mustang, mai ita kuma na ta rantsuwa cewa ƙarfe ce zalla, sai mayen ya faɗi sau bayan sau. Mai motar ya fusata. Verlin ya sunkuya ya ɗauki abinsa ya ce, "Ni fa ban ce komai ba."

Abin da garin nan zai fi daɗewa yana tunawa shi ne motar Hoyt Kimbrough.

Hoyt tsohon direban motar kwal ne, abokin Verlin tun suna firamare. Yana da Charger ƙirar 1969 da ya saya yana saurayi, ya jefa ta a rumbun shanya taba lokacin da aka haifi 'yarsa Renita, yana cewa baɗi zai gyara ta. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa, rufin rumbu yana yoyo. A watan Afrilun bana likita ya gaya masa ciwon idonsa yana cin tsakiyar ganinsa. Lasisin tuƙinsa zai ƙare a Oktoba, kuma ba zai ci gwajin ido ba. Zagayen motoci na ƙarshe a shekara, wanda ake yi a babban titi a ƙarshen Satumba, shi kaɗai ya rage masa. In bai tuƙa ta ranar ba, shi da sitiyarinta sai a mafarki.

Aka jawo motar zuwa garejin Verlin, Renita na riƙe da gwiwar hannun ubanta.

"Ba gasa zan kai ta ba," in ji Hoyt. "Ka cike ramukan da ƙullu, a watsa mata jan fenti, in shiga layi kamar kowa. Wa zai sani?"

Verlin ya ɗauko wani ƙarfe mai tsini. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashinta, ya soka ƙarfen a ƙashin bayanta. Ƙarfen ya wuce kamar an soki burodi, tsatsa ta zubo masa a fuska.

"Ka ji wannan?"

"Na ji. Kunnena ƙalau, ido ne ya yi mini tawaye."

"Nan ne ke riƙe da ƙafafun baya. In na yi mata kwalliya na bar wannan, ranar da ka taka birki da ƙarfi gabanta zai tsaya, bayanta ya wuce ka."

Dub ya leƙo daga nasa garejin yana goge hannu. "Ai bayanta ya fi gabanta kyau, kamar dai mai ita."

"Rufe mana baki, Dub," in ji Hoyt. "Kai da warin fetur ya kori mata biyu daga gidanka." Ya juyo ga Verlin. "To a yi duka biyun."

"Lokaci ba zai kai ba. Ko ƙarfe, ko fenti. Kuma na riga na zaɓa maka."

Jijiyar wuyan Hoyt ta tashi. "Tun Renita na cikin zanen goyo nake ganin motar nan ja a raina. Yanzu so kake in shiga gari da mota kamar akuya mai ƙazuwa, ana nuna ni? Akwai masu gyara a duniya ban da kai!" Ya fizge hannunsa ya fita, har ya yi karo da gefen ƙofa.

Renita ta tsaya. "Kawu Verlin, ka san halinsa. Gobe zai turo a ja ta zuwa wani wurin."

"Na sani. Ki gaya masa yau zan cire tayoyinta duka. In ya ga dama ya zo ya goya ta."

Hoyt ya daina yi masa magana. Ya daina zama teburinsu na karin kumallo a gidan abinci, inda suka saba tsoma ɗan burodin da muke kira biskit a miya suna musu tun ba yau ba. Verlin bai bi shi ban haƙuri ba. Ya yanke ƙashin motar, ya sa sabo. Ya sake daɓen ƙasan motar, ya sake bututun birki, Dub kuma ya sauke inji. Odessa ce ke kawo masa wake da burodin masara, kuma ita ce ta gaya mana abin da ba mu sani ba: hannunsa ya fara rawa, har sai ya tokare wuyan hannu a gwiwa kafin ya yi walda. Tun kafin motar Hoyt ta zo ya gaya mata bana zai rufe gareji.

Verlin, kai ne ka yarda abokinka ya yi fushi da kai, don dai kada ka miƙa masa ƙarya mai ƙyalli. Kai ne ka san cewa mutumin da idonsa ya raunana ya fi bukatar birki a kan fenti. Maƙerin da ba ya rufa wa tsatsa asiri! Da hannu mai rawa ka yi aikin da masu lafiyar hannu ke gudu.

Ana saura 'yan kwanaki zagayen, Renita ta lallaɓo ubanta ta kawo shi. Motar na tsaye a kan tayoyinta: nan farin ƙarfe tsirara, can shafen toka-toka, can kuma ragowar tsohon jan da ya koɗe. Hoyt ya karkata kai yana kallonta da gefen ido.

"Mene ne wannan? Bargon faci irin na kakarka?"

"Kawo hannu."

Verlin ya shimfiɗa tsumma a tafin Hoyt, ya ɗora shi a jikin ƙofar. "Daina kallo. Juya fuskarka bango. Tafi a hankali har baya."

Hoyt ya tafi har baya. "To ina facin?"

"Ka wuce shi."

"Ƙarya kake."

"Sake mana."

Ya sake, ya kuma sakewa. Hannunsa bai sami inda tsohon ƙarfe ya ƙare sabo ya fara ba. Ya daɗe tsaye, tafinsa a kan motar. Sai ya ɗaga murya. "Dub! Injin nan naka zai tashi, ko turawa za mu yi?"

Ranar Asabar da la'asar babban titi ya cika. Motoci sun jeru kamar amare, kowace da ɗan allonta mai cewa a kalla kar a taɓa, don a wurinmu ɗora hannu a fentin motar wani tamkar zagin uwarsa ne. Sai ga gurnani daga ƙasan gada. Hoyt ne a kan sitiyari, Renita a gefensa, bargon faci yana girgiza gilasan shaguna. Ya haura har kotu a hankali, ya juyo, ya sake haurawa, bakinsa har kunne. Da ya tsaya, wani ya ɗaga murya daga cikin jama'a.

"Hoyt, ka manta rigarta a gida ne?"

Aka kwashe da dariya. Hoyt ya fito, ya ciro wani abu daga aljihu. Mayen Verlin ne, wanda ya karɓa aro da safe. Ya manna shi a ƙofa, ya kama. Ya manna a baya, ya kama. Ya miƙa wa mai ba'ar.

"Zo ka nemo inda zai faɗi. Kowa ya zo. Tawa ana taɓawa."

Ba a taɓa ganin haka a zagayenmu ba. Dattawa masu motoci masu ƙyalli suka yi layi, kowa ya kau da fuska gefe yana shafa mota marar fenti, suna neman facin da ba su samu ba. Mayen bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Mun gode, Verlin. Mun gode a madadin Hoyt, wanda ya miƙa lasisinsa a Oktoba ba tare da haushi ba, da duk wanda ya taɓa komawa gida lafiya a kan ƙarfen da ka ƙera. Masu tasowa a wannan sana'a, da mu da muke wasu sana'o'in, kowa ya san inda nasa aikin ke da rami. Mu koyi yankewa mu sa sabo, ko da mai kayan zai yi fushi.

A ranar zagayen kuwa, mai riƙe da lasifika ya ce a nemo Verlin Stamper ya hau dandamali, jama'a suna so su tafa masa kafin ya rufe gareji. Aka yi ta waige-waige. Renita ce kaɗai ta hango shi. Yana can bayan taron, ya ajiye kofinsa a kan dakalin shagon aski, ya gyara hula, ya bi ta lungu zuwa gida. Mayen yana nan manne a kafaɗar motar Hoyt, Verlin bai koma ya ɗauka ba.