Shafin da Ke Buɗewa a Wayata Kaɗai

Baba bai yarda da hoto ba. Tun kafin a ƙaddamar da shari'a a jiharmu yake cewa ɗan Adam ba kayan nuni ba ne, da aka ƙaddamar kuwa sai ya ƙara samun bakin magana. Baduku ne, a zauren gidanmu na cikin garin Daura yake ɗinka gafaka da takalma. Ko katin zaɓe ƙin yi ya yi, don an ce sai an ɗauki fuska.

Wata rana wani mai bincike kan sana'o'in hannu ya zo ya yi ta roƙonsa ya bari a ɗauke shi hoto. Baba ya ce, "Ɗauki aikin, ka bar mai aikin." Mutumin ya ɗauki hoton gafakar da ke hannun Baba, amma rabin fuskarsa ya shiga ciki, ya sunkuya yana huda fata da basilla. Daga baya ya sa hoton a wani ɗan shafinsa na intanet, ya turo mini adireshin. Hoton Baba ke nan a duniya, babu na biyu.

Lokacin da Baba ya rasu ina koyarwa a wata firamare a Dutsi. A makarantarmu sabis sai an yi masa fada. Ka ɗaga waya sama, ka je gindin bedi, ka dawo, shafi yana ta juyawa har a kaɗa ƙararrawa bai buɗe ba. Amma shafin Baba ko ƙiftawar ido ba ya kaiwa. Ina taɓawa sai ga shi, ya sunkuya da basillarsa. Kullum idan yara sun fita tara sai na buɗe na dube shi, har ranar da babu ɗigon sabis a wayar ma ya buɗe.

Abin ya ɗaure mini kai, amma ban tambayi kowa ba, don na riga na ba kaina amsa. Na ce albarkar mutumin kirki ce. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka wa Alƙur'ani gida, don hotonsa ya riga sauran fitowa ai ba abin mamaki ba ne. Ni da nake koyar da lissafi, haka na yarda, kuma raina ya yi daɗi.

Ƙanwata da ke aure a Kano ta ce in tura mata adireshin. Na tura, ta ce bai buɗe ba. Na sake turawa, ta ce wayarta ta ce babu shafin ma gaba ɗaya. Na ce mata, "Ke da kike birni? Ni ina nan Dutsi yanzu haka ina kallonsa. Ki ce wa maigidan naki ya canja miki wannan akwalar wayar." Ta ce ta gwada a tasa ma, shiru. Na ce to gidan ne duka sai an yi muku addu'a. Muka yi dariya, na kashe waya ina jin kaina kamar wadda Baba ya zaɓa.

Inna, mahaifiyarmu, ta ƙi kallonsa duk tsawon takaba. Ta ce mutumin da ya guji hoto yana raye, ba ita za ta leƙa shi a waya ba. Ban matsa mata ba. Sai da aka yi watanni da fitarta takaba, ranar wata Laraba ta kira ni. Muka gaisa, sannan ta ce, "In za ki zo ran Juma'a, ki taho da abin nan." Ban tambaye ta wane abu ba.

A kwanakin wayar ta fara ba ni haushi. Ta riƙa sandarewa, tana cewa wuri ya cika. Na ce ba zan zauna gaban Inna ina dannar waya tana ƙi ba, a ranar da ta daure ta nema. Don haka da na sauka mota a Daura, sai na tsaya wurin wani mai gyaran waya kusa da tasha, dattijo mai gilashi.

Ya duba ya ce, "Malama, ba abin da ya same ta. Tarkace ne ya cika ta. In share?"

Na ce, "Hotunana fa?"

"Ko ɗaya ba zai taɓu ba."

Kuma bai yi ƙarya ba. Ya miƙo mini ita tana gudu kamar sabuwa, hotunan bikin ƙanwata da na 'yan ajina duk suna nan. Na ce bari in gwada shafin Baba in ga sabon sauri. Na taɓa. Karo na farko tun da na san shafin, sai ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, sannan ya fito fari fat da ɗan rubutu a tsakiya, wai ba a sami shafin ba.

Na ce, "Malam, me ka yi wa wayata?"

Ya gwada a tasa, ya gwada a kwamfutarsa. Ya cire gilashi ya ce, "Wannan shafin ai an rufe shi. Da alama ma ya daɗe."

"Ya daɗe kamar yaya? Da safen nan na buɗe shi!"

"Ba shi kika buɗe ba, Malama."

Na ce to me na buɗe, aljani? Ya ba ni kujera, na ƙi zama. Ya ce idan mutum ya shiga shafi, waya takan ajiye kwafin abin da ta ɗebo a wani lungu nata, su masu gyara suna ce masa kash. Gobe in ka dawo, ba sai ta sake tafiya mai nisa ba, sai ta miƙo maka na ajiye. Shi ya sa shafin da ka saba shiga yake saurin buɗewa, ba ya kuma cin data sosai. Ya ce, "Kamar randa ce. Ba kullum in za a sha ruwa ake zuwa rijiya ba. Ke rijiyarki ta daɗe da ƙafewa, na randa kike ta sha."

Na ce, "Kai kuma ka tuntsurar da ita."

"Na tambaye ki, kika ce in share."

"Tarkace ka ce! Ubana ne tarkace?"

Mutane suka fara juyowa. Ya yi ƙasa da murya ya ce da na ɗora yatsa a kan hoton na ɗan riƙe, da wayar ta tambaye ni ko in adana shi, shi ke nan ya zama nawa. Wata bakwai ina shafa hoton nan da yatsa, ban taɓa riƙewa ba. Na ji kamar in mare shi, amma na san ba shi ya cancanci marin ba. Na kira lambar mai binciken, aka ce ba ta aiki.

Har yau ban gama ganewa ba. In yana cikin wayata, don me ban gan shi cikin hotunana ba? In kuma ba nawa ba ne, don me ni kaɗai yake fito wa? An sha yi mini bayani, ina gyaɗa kai, in na tashi sai in ji tambayar tana nan inda na bar ta.

Na iske Inna ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinta, ta yi wanka, ta sa kwalli. Tun rasuwar Baba ban gan ta da kwalli ba. Ta goge hannunta da gefen zani ta miƙo. Na durƙusa na faɗa mata duka, har da randar, ina yi ina harɗewa. Ta saurara har ƙarshe, ta mayar da hannunta kan cinya.

Ta ce, "To Allah bai nufa ba. Ke da kika gan shi, faɗa mini. Wace hula ce a kansa?"

Na buɗe baki. Na tuna basillar, na tuna jar fatar, na tuna jijiyoyin bayan hannunsa. Hular kuwa, ko fara ce ko zanna, ko ma babu, na rasa. Inna tana ta kallona tana jira.