Hatsin da ke cikin ƙaiƙayi

Ranar da muka gwada injin sussukata a garinmu ba ta taɓa fita raina ba, kuma ku da kuka shigo wannan sashe sabbi ya kamata ku ji ta daga bakina.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin ƙera injuna masu sarrafa kansu. Ka'ida ita ce ɗalibi ya ƙera abu, ya gwada shi a gaban malamin da ke duba aikinsa, sannan ya kare shi a gaban kwamiti. Ni na zaɓi injin sussukar gero. Injunan da ke kasuwa suna hura tsaba mai yawa ta bi ƙaiƙayi, a takardunmu kuwa sunan wannan asara. Sai na haɗa wata na'ura da ke daidaita ƙarfin fanka da kanta, don kada ƙwaya ta kuɓuce. Farfesan da ke duba aikina ya ce in dai na kashe asarar nan, na gama.

Shekarun nan ne da hatsi ya yi tsadar da kwano ya gagari talaka. Da kaka muka ɗora injin a mota zuwa ƙauyenmu, can wajen Makoda, muka sauke a masussukar Kawu Sale. Na sha babbar riga, ina ta hura hanci. Aka zuba dammuna, inji ya kama, tsaba na zuba gefe guda, ƙaiƙayi na tashi ɗaya gefen. Farfesa ya damƙi ƙaiƙayin, ya murza, ya hure. Ko ƙwaya.

"Injiniya, ka yi aiki," ya ce. Kawu Sale har da rungumata.

Ana cikin haka na hango Inna Tabawa da wasu tsofaffi biyu, sun tsuguna a bayan tarin ƙaiƙayin da fayafayansu. Inna Tabawa maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, kuma ta goya ni ina jariri. A wajenmu idan an gama sussuka, ƙaiƙayi na irinsu ne. Su sake sheƙewa, abin da suka samu nasu ne, ba wanda zai ce an ba su. Da shi take kaiwa bazara. A garin aka haife ni, na san wannan sarai, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini ba a ɗakin gwaji.

Ta sheƙa, ta sheƙa, faifan ba komai. Ta miƙe tana kakkaɓe zane, ta zo ta wuce ta gabana.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Injin naka ba ya mantuwa."

Farfesa ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Hannuna na kan na'urar, murɗawa ɗaya za ta saki tsabar, amma Farfesa na tsaye yana rubutu. Ban murɗa ba.

Da yamma na cika ƙwarya da gero na kai mata gida. Ta dube ta, ta dube ni.

"Mai da wa kawunka. Na ƙaiƙayi gumina ne, wannan kuwa sadaka ce. Ban kai nan ba tukuna."

Na fito da ƙwaryata. Kwamiti ya yaba aikin, manoma suka yi ta hayar injin gari-gari. Kafin damina Inna Tabawa ta koma wajen 'yarta a Zakirai, ta rufe ɗakin da ta yi rantsuwa a cikinsa za ta mutu.

Shi ya sa duk ɗalibin da ya kawo mini aiki yana cewa zai kashe asara, ba na fara duba lissafinsa. Nakan ce ya je ya tsaya a wurin tukuna, ya ga wanda yake cin asarar.