Lason da Inna Ta Taka

Ina ƙarama, ban kai ɗaukar tulu ba, ni da Inna bayi ne a gidan wani attajiri a Madarunfa. Daga kudu aka kamo ta, can ta koyi haɗa laso, abin shafe soro don kada ruwa ya shiga.

Maigidan ya gina soro da baƙar lakar bakin tafki. Rani ya tsattsaga shi, damina ta shiga ta narkar masa da gishirin da ya ajiye a ciki. Ya ce zai sayar da Inna ya rage asara.

Inna ta durƙusa. "Baba, ƙasar ce ba ta gini ba. A bar ni in shafe shi."

"In ɗigo ɗaya ya sauka, ke da ɗiyarki kun rabu," in ji shi. "In bai sauka ba, kin zauna."

Ta tafi marina ta roƙi katsi, dagwalon nan da ake kwashewa daga gindin ramin rini a zubar. Ta tsinto gashin awaki a majema. Ta fasa suri ta ɗebo jar ƙasarsa, ta daka kashin tama da maƙera suka watsar bayan gari. Marina suna tsokanarta: "Kuyanga, tuwon wa za ki tuƙa da juji?"

"Na mai tambaya," ta ce.

Ta kwaɓa, ta shiga takawa. Katsi kuwa ci gare shi. Ya cinye fatar tafin ƙafarta, jini na bin kwaɓin, tana takawa, tana takawa. Ta roƙi man kaɗanya, aka ce na fitila ne.

Damina ta zo. Ruwa ya zuba, ya zuba, katangun unguwa suka kwanta. Soron nan ko gumi bai yi ba. Inna ta zaunar da ni ta yi mini kitso, tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Da kaka wani falke ya sauka gidanmu. Ya ƙwanƙwasa bangon soron da zobensa, ya ji shi kamar dutse, ya tambayi wanda ya shafe. Aka nuna masa Inna, ya ce a ba shi ita, ya bar doki a madadinta. Maigidan ya yarda.

"Baba, ka ce na zauna," Inna ta ce wa maigidan.

"Ai kin zauna, har kin ci kaka. Soro ya shafu, me kuma zan yi da ke?"

"To, a haɗa da yarinyar."

Falken ya dube ni. "Ta iya laso?"

Ban iya ba.

Ƙafafun Inna ba su takuwa, sai aka ɗaure ta bisa jaki tsakanin kaya. Ni kuwa aka miƙo mini ƙwarya, aka ce in kai wa dokin dusa.