Sunan da Inna ba ta faɗa ba

Wata Litinin a daminar da nake aji uku na firamare, Baffa ya ɗora ni da Inna a babur daga rugarmu ta bayan Roni zuwa wani asibiti a Kazaure, laka har gwiwa. Yayana, ɗan farin Inna, ya nitse a kududdufi garin shayar da shanu, kuma tun ranar Inna take ramewa. Ba ta yi kuka ba, don a wurinmu uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Tana tatsa, tana kaɗa nono, tana yi mini kitso, amma ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, kullum sai ta dama fura a ƙwaryarsa ta rufe da faifai. Ni ce mai wanke ƙwaryar idan furar ta yi tsami, ina jiyo ƙawayena suna carafke a gindin tsamiya.

Da Baffa ya yi bayani, malamin asibiti ya tambayi Inna sunan yaron, ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya da tsawa, sai ka ce da kurma yake magana. Da ƙyar ta ce, "Wancan." Ya tuntsire da dariya, ya dubi Baffa ya ce, "Ku Fulanin daji! Da saniya ce ta mutu, ai da ta faɗi sunanta. Lafiyarta ƙalau, ku saya mata maganin ƙarin jini." Haba jama'a! Mutumin da na tabbata shi ma a gidansu ana kunyar ɗan fari, amma da ya ga kitson Inna sai ya manta. Ta ja mayafi ta fita, ba ta ƙara yarda ta taka asibiti ba. Ba ta ga daminar gaba ba.

Yanzu aikina ke nan, zama da masu ciwon damuwa, bayan na karanci halayyar ɗan Adam. Abin takaici, har gobe ina jin ana cewa, "Bafulatana ce, ba ta magana," ko "Buzu ne, ya je ƙasarsu a duba shi." Raina yakan ɓaci matuƙa, amma sai in ja kujera, in gaishe su da harshensu gwargwadon iyawata, in jira. Ba na neman sunan kowa daga bakin uwa. Ina ma Inna ta sami mai jiranta haka.

Sunansa Buba, kuma ba ranar da ta manta.