Ɗiyar Mutane a Gida Lamba Sha Huɗu

Ranar da aka manna takarda a ƙofar Tanti Zeinabou, ina tsaye a bayanta da ledar burodi a hannu. Ta duba ɓangaren Larabci, ta duba na Turanci, ta yi tsaki. Sannan ta ɓalle takardar a hankali don kada ta yage, ta shiga kicin ta shimfiɗa ta ƙarƙashin kwalbar man gyaɗa. Wai tana da kauri, za ta riƙe maiƙo.

A nan na sunkuya na karanta mata. An ba ta kwana talatin ta bar gida lamba sha huɗu, ta koma sabon ginin da aka yi a can bayan gari, inda sai ka sauka daga jirgin metro ka hau bas, ka sauka ka ƙara takawa.

"Bon," in ji ta. "Miƙo mini albasar nan."

Ni sunana Halimatus Sa'adiya, 'yar Kano ce, ina aiki a wani ofishin tura kaya a Deira, cikin Dubai. Shekara tara ƙofata tana kallon tata, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Benen da muke ciki a Al Muraqqabat wani tsohon ɗan kasuwa ne ya bar shi wakafi, don ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi da matan da mazajensu suka rasu. Akwai kwamitin da ke kula da shi, amma a da ba mu san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Zainul Abideen muka sani, mai gadi, mutumin Kerala ta Indiya, wanda ya tsufa a kan kujerar roba a bakin ƙofa. Ya san wa ke kwana a kowane ɗaki, wa ya haihu, wa ke jinya. In kwamiti na son sanin wani abu, shi ake tambaya, kuma bai taɓa ɗaukar biro ba.

Bara kwamiti ya miƙa gidajen ga wani kamfani. Suka zo da sabon tsari: ɗaki biyu na iyali ne kawai, mutum ɗaya ɗaki ɗaya, kuma wanda ba jininka ba ba zai zauna da kai ba. Ban ce tsarin ba shi da hujja ba. Akwai masu yanka falo da katako su zuba mutum takwas, kuma na san iyalai da suka shekara biyar suna jiran ɗaki. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, a duk benen nan, kan Tanti Zeinabou tsarin ya fara sauka.

'Yar Tessaoua ce, a Nijar. Ta zo Dubai a 2003 da mijinta Yacouba, mai sana'ar kayan mota. Da ya rasu, 'yan uwa suka yi ta kira ta dawo gida, ta ce ta ji, ta ci gaba da tuƙa tuwo a kicin ɗin da ke ciyar da 'yan kasuwarmu. Doguwa ce, ba ta da ƙiba, tana tafiya kamar an ɓata mata rai tun safe. Ta yi boko na Faransanci, kuma in ta fusata da shi take zagi, don ta ce Hausa ba ta da laifin da za a ɓata ta a kan wawa. Ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba. Amma duk macen da ta haihu a benen nan ta sha kununta kwana arba'in, ko ta so ko ba ta so.

A ɗakin ciki na gidanta akwai Hannatou. Shekararta talatin da bakwai, tana ɗinkin abaya a wani shago kafin ƙodarta ta gaza. Yanzu sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda, a asibitin da ke layi biyu daga ƙofarmu. In ta fito, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Tanti ce ke tallafe ta, su taka a hankali, su huta a bakin shagon canji, su ƙarasa. Tafiyar minti bakwai ce, su kuma sai su yi ashirin da biyar. To ka ɗauki wannan matar ka ce ta hau bas da metro sau shida a mako. Kisa ne kawai ba a kira shi da sunansa ba.

Hannatou 'yar Tanti ce ta fari. Duk Bahaushen da ke benen ya sani, ko da yake ba wanda ya taɓa ji daga bakinta. Kunyar ɗan fari muna da ita a Kano, amma tamu ta yi laushi. Ta su Tanti irin ta dā ce. Ba ta faɗin sunanta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita a gaban mutane. "Ke" take ce mata, in kuma labarinta take yi sai ta ce "waccan". Idan wata mai suna Hannatu ta zo sayen abinci, Tanti sai ta ce "mai sunan waccan". Tun ana yaye ta aka miƙa ta ga ƙanwar Yacouba, ita ta riƙe ta, ita ta sa ta makaranta, kuma da aka je yin takardar haihuwa daga baya, sunan gwaggon aka rubuta a gurbin uwa. Ba wanda ya ga abin damuwa a lokacin.

Ranar da kamfani ya zo ƙidayar mazauna benen ina wurin aiki, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Ma'aikacin kamfani ya zo da kwamfutar hannu, wani mai gilashi, mai ladabi ma. Ya leƙa ɗakin ciki ya ga Hannatou a kwance, ya tambaya da Larabci wace ce wannan. Tanti ta kawar da kai ta ba shi amsar da take ba kowa shekara talatin da bakwai: ɗiyar mutane ce. Ya tambayi sunanta, ta ce ya tambaye ta mana, ai tana da baki. Ya duba takardun Hannatou, ya ga sunan wata uwa daban. Ya danna abin da zai danna, ya yi godiya, ya tafi. Mutumin bai yi ƙarya ba, abin da aka gaya masa ya rubuta.

Da na gano inda matsalar take, na je ofishin kwamiti a lokacin hutuna na rana. Suka ce abu ne mai sauƙi. Tunda takarda ba ta nuna ba, ta zo gaban kwamiti da shaidu biyu, ta rantse, ta faɗi sunan yarinyar da bakinta, ta ce ita ta haife ta. Na dawo da murnata, har da gudu a matakala.

"Tanti, khalas, an gama! Suna kawai za ki faɗa."

Ta ci gaba da tankaɗe gari. "Wane suna?"

"Haba Tanti. Sunanta mana."

"Ke 'yar Kano, ba ki da kunya, na sani. Amma ni uwata ba ta taɓa hwaɗin sunan yayana ba har ta mutu. Sai ni, don wani mai lunettes, mai gilashin nan, ya zo da allo mai haske? Jamais, har abada."

"To za su fitar da ku."

"Su zo su ɗauke ni. Ina nan."

Wallahi ranar na yi fushi da ita fushin da ban taɓa yi da babba ba. Na ce mata taurin kanta zai kashe yarinyar nan. Na faɗa, kuma ban janye ba. Ta ajiye rariya ta dube ni, na ɗauka mari ne zai biyo baya, sai kawai ta ce in rufe mata ƙofa in na fita.

Abin da ya sa maganar ta fi ci mini rai, ni na san abin da Hannatou ba ta sani ba. Shekara biyu da suka wuce Tanti ta ja ni asibiti in yi mata tafinta. Ta zauna gaban likita ta nuna kwiɓinta, ta ce a cire ɗaya a sa wa yarinyar can. Aka yi gwaji, aka ce tana da ciwon suga, ba zai yiwu ba. A hanyar dawowa, da muka zo bakin bene, ta ce in na gaya wa waccan, ni da kununta har abada. Matar da za ta ba da ƙoda ba ta ƙifta ido ba, ita ce suna ya gagara.

Kamfani ya aiko da kwalaye goma na kwashe kaya. Tanti ta raba wa 'yan kasuwar da ke cin tuwonta, aka cika su da atamfa da turare aka tura Maradi. Aka manna takarda ta biyu, ta tafi ƙarƙashin kwalbar manja. Ta sayo sabon labule ta rataya a tagar falo, ja wur, wanda ake hangowa tun daga titi, don duk mai shakka ya san akwai mutum a ciki. Kuma kowace Asabar da Litinin da Laraba ta tallafi Hannatou su tafi, su dawo, ta auna mata ruwan sha da ƙaramin kofi, ta dafa mata nata daban ba gishiri.

Saura kwana huɗu na shiga na sami Hannatou ita kaɗai tana ninke kayanta cikin jaka. Na tambaye ta ina za ta.

"Aunty Sadiya, ki bar Inna. Zan roƙi mai shagonmu in kwana a store. In ba ni, ƙila su bar mata ɗaki ɗaya a nan."

"Ke ba ki so ta faɗa?"

Ta yi murmushi. "Ban taɓa ji ba, to me zan rasa? Wani lokaci dai ina tunanin yadda zai fito a bakinta. Shi ke nan."

Ashe Tanti ta dawo, tana tsaye a bakin kicin. Ba ta dubi Hannatou ba. Ta zo ta ɗauki jakar ta zazzage kayan a kan gado, ta cusa jakar a saman kwaba, ta juyo gare ni.

"Yaushe ne réunion ɗin nasu, zaman kwamitin?"

Ranar Alhamis da hantsi muka je. Ta sa babban mayafinta na zuwa biki. Zainul Abideen ya sa farar riga, ya bar kujerarsa a karon farko da na sani. Hannatou ta ce sai ta bi mu, aka zaunar da ita a kujerar baya kusa da ƙofa. Mutum uku ne a tebur, shugabansu wani dattijo Balarabe mai farin gemu, sai mai gilashin nan a gefe da kwamfutarsa.

Tanti ba ta jira an ba ta izini ba. Ta ce in fassara, kuma kada in rage ko kalma. Ta ce shekara ashirin da biyu tana wannan bene, ta wanke matakalarsa ranar da bututun ruwa ya fashe, ta yi wa matattunsa sutura. Ta ce wannan tsoho mai gadi ya san abin da allonsu bai sani ba, da sun tambaye shi da ba su wahalar da mutane ba. Ta ce a garinsu mace mai mutunci ba ta tallan ɗan fari a gaban baƙi, kuma su da suka yi karatu ya kamata su tambaya kafin su danna. Na fassara duka.

Dattijon ya saurara har ta gama. Ya tambayi Zainul Abideen, ya ce 'yarta ce, kowa ya sani. Ya tambaye ni, na ce haka ne. Sannan ya ce, cikin taushi, shi ya yarda, amma takardar hukuma ta ce wata ce uwa, kuma ba zai iya ture takarda da maganar maƙwabta kaɗai ba. Dole ita ta faɗa.

Tanti ta miƙe. Na ga ta damƙe gefen mayafi. Ta juya wa ƙofa baya sosai, ta kafe mai gilashi da ido.

"Kai, rubuta. Sau guda zan hwaɗi, in ka ɓata ruwanka." Ta ja numfashi. "Na rantse da Allah ni na haihe ta. Ran Talata, lokacin girbin gero, a ɗakin uwata a Tessaoua. Kwana biyu ina naƙuda. Ɗiyata ce. Sunanta Hannatou."

Daga kujerar baya, kafin in buɗe baki in fassara, wata ƙaramar murya ta amsa.

"Na'am, Inna."

Ba da niyya ta yi ba, na ga ta toshe baki da hannu. Uwa ta kira, baki ya amsa. Ni dai fassarar ta gagare ni, kuka ya ci ƙarfina, kuma ba wanda ya nemi in yi. Dattijon ya jawo takardar ya sa hannu, ya ce gida lamba sha huɗu na iyali ne. Mai gilashi ya cire gilashin yana gogewa da gefen riga.

Tanti ba ta juya ba. Hawaye na bin kumatunta har cikin mayafi, ba ta share ba, kuma muryarta na nan yadda take.

"Ke, wa ya kira ki? Da su nake magana. Tashi mu tahi, lokacin maganinki ya yi."