Dabino Ba Giginya Ba Ne

Me ya hana ni riƙe masa riga a ranar? Har yau ban samu amsa ba.

Ku da kuke aikin gini yanzu, ku saurara. A watan Zulƙida ne, bayan an gama babban yaƙin Turawa. Mijina Ilu magini ne tun daga Katsina. Ni nake tufka masa igiya, ina jiƙa ƙasa. Wani mu'allim, wato shugaban magina, ya ɗauke mu rufin ɗakin alhazai a Tandabawi, wata unguwa a ƙasa mai tsarki.

A gida, azarar giginya ake jerawa bisa bango, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa. Giginya kamar ƙarfe take. Nan kuwa kututturen dabino aka kawo mana, cikinsa duk zare. Ilu ya ƙwanƙwasa ɗaya da gatari, ya kasa kunne.

Ya ce, “Ya mu'allim, wannan ba zai ɗauki ƙasa ba. Ɗakin ya yi faɗi.”

Mu'allim ya yi dariya, ya kira shi da sunan da suke kiran mu baƙaƙen fata a can. “Ya Takaruni, da ƙafa ka zo daga ƙasarku ka koya mana gini? Alhazai na hanya. Yalla, maza!”

Muka rufa. Kwana uku ina miƙa kwando.

Maginan garinmu suna da ƙa'ida: ba mai kwana ƙarƙashin rufi sai wanda ya yi shi ya taka shi daga bango zuwa bango. Mutanen nan ba su san da ita ba, ba wanda ya ce Ilu ya hau. Sai ga shi ya nufi tsani. Na ce, “Malam, nan ba Katsina ba ce, bar shi.” Ya ce, “Baƙin Allah za su kwanta a ciki, Hajo.” Ya tuɓe takalmi. Rigarsa ta shafi hannuna, ban riƙe ba.

A taki na biyar rufin ya tafi da shi.

Abin da ya fi ci mini rai, kafin a yi sadakar uku an sake rufin da itace mai kyau irin wanda jirgin ruwa ke kawowa. Ashe yana nan jibge a bayan gidan mu'allim. A sana'ar nan ba a jin maganar baƙo sai ya kwanta.

Da muka tono shi yana da sauran numfashi. Bai ambaci mu'allim ba. Ya dube ni, bakinsa duk ƙasa, ya ce, “Hajo, ba kowa a ƙasa, ko?”